Ranar da Aka Wanke Atamfar Hajiya Zali

Ku yaran da kuka shigo buro bana, wato wannan ofishin namu, ina lura da ku. Tun da aka ce za a tafi da wasunku taron masu duba ɓarnar kayan jirgin ruwa kuke ta gugar riguna, kuna tambayar ko otel ɗin yana kallon teku. Ɗayanku har ce mini ya yi wai aikin nan ai ɗaukar hoto ne da sa hannu, ko kaka tasa za ta iya. Ban ji haushi ba, ni ma da irin wannan bakin na shigo. Amma kafin ku hau mota ku je ku ci kaza da cokali mai yatsu, ku bari in gaya muku inda taron ya samo asali, don ina wurin, kuma ba a otel aka fara shi ba.

Har yau in na ce wa mutum aikina ya shafi teku, sai ya dube ni ya dubi rairayin Birnin Konni ya yi dariya. Yawancin mutanen garin nan ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba. Amma shinkafar da ke kasuwa, da taliya, da batir, da atamfa, kusan duk sun kwana a kan teku kafin su sauka Kwatano ko Lome, a ɗora su a mota a yi arewa da su. Ɗan kasuwa mai hankali yakan yi wa kayansa inshora, wadda mu a buro muke ce wa asiransi. In kaya suka iso a lalace, kamfanin yana can nesa, ba zai biya a kan maganar baki ba, sai ya aiko mutum ya gani da idonsa. Mutumin nan shi ne ni, shi ne ake kira eksifer. Tambayoyin da nake amsawa ba su da yawa: me ya lalace, me ya lalata shi, kuma a ina. Ta ƙarshen ita ce mai raba mutum da abincinsa.

A Yamai na koyi aikin, a hannun wani tsoho, Alhaji Garba, Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina riƙe masa jaka bai bar ni na rubuta ko layi ɗaya ba. In muka isa sito, yakan tsaya a bakin ƙofa ya rufe ido ya shaƙi iska, mai kaya yana ta zuba bayani shi ko kallonsa ba ya yi. Daga baya ya nuna mini cewa shinkafar da ta jiƙe jiya da wadda ta jiƙe tun cikin jirgi warinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsatsar da ruwan teku ya ci ta fi ta ruwan sama duhu da kaushi. A jakar akwai tocila, da 'yar guduma, da ƙarfen soka buhu, da na'urar gwada laima, da almakashi, sai wata 'yar kwalba baƙa da yake naɗewa cikin tsumma. Ita ce uwar kayan aikin. Ka yanko ɗan ƙyallen da ya jiƙe, ka tsoma a ruwa mai tsabta, ka ɗiga maganin kwalbar. In ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, akwai gishiri, teku ce ta taɓa kayan. In ya tsaya garau, ruwan sama ne ko na rijiya. Kwalbar nan tana cikin aljihun teburina har yanzu, kun sha ganina da ita kuna tsammanin maganin ido ne.

Wata damina, ina Malbaza ina duba wasu ƙarafan inji da suka zo da tsatsa, aka kira ni daga Yamai. Aka ce wata 'yar kasuwa a Konni, Hajiya Zali, atamfarta ta iso a jiƙe, mota guda. Na ce sai na gama na gabana, gobe da safe ina tafe. Hajiya Zali ba baƙuwa ba ce gare ni, duk garin nan an san ta. Bazawara ce mai tsayayyen ciniki, kuma kayan nan ba nata ba ne ita kaɗai, mata da yawa na unguwarsu sun zuba jarinsu a ciki don cinikin Salla. Inshorar da ta yi ta teku ce zalla, daga inda aka loda jirgi zuwa bakin tashar Kwatano. Wato in ruwan teku ne, kamfani zai biya. In kuwa ruwan sama ne a kan hanya, wuyan mai mota ne.

Mai motar shi ne Habu, mutumin Tajaye. Ya yi shekaru yana cin rani a kudu, ya haɗa da shanun gadonsa, ya sayi tsohuwar mota guda, shi ne direba shi ne mai ita. A tasha ana tsokanarsa cewa ya fi wanke motar a kan jikinsa. A Kwatano an fasa kwantena an ɗora masa dilolin atamfar a buɗaɗɗiyar mota, kamar yadda aka saba yi wa kayan arewa, ya ga bayansu a bushe, ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya, ya rufe da tamfol ya ɗaure. A hanya kuma, wajen Dosso, ruwa ya same shi mai ƙarfi, kowa ya san da wannan. Abin da ke cikin haɗari ke nan tun kafin in iso: motar Habu.

Da hantsi na shigo unguwar a kan kabu-kabu. Tun daga kwanar masallaci na ce wa mai babur ya tsaya, don na ɗauka biki ake yi. Atamfa ce ko'ina. A kan katanga, a kan darni, a kan rumfuna, a kan igiyoyin da aka ja daga gida zuwa gida, har kan amalanken wani mai sayar da itace. Shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, unguwa guda tana ɗiga ruwa. A bakin famfo mata ne cike, da bahuna da bokitai, suna ɗauraya suna matsewa suna waƙa. Na sauka na tsaya da jaka a hannu ina kallo. Na yi shekaru a aikin nan, na ga kayan da aka ɓoye mini, na ga waɗanda aka jiƙa da gangan don a ci kuɗin kamfani, amma ban taɓa kaɗuwa irin ta ranar ba.

Hajiya Zali ta fito tana share hannu da gefen mayafi, fuskarta ta gaji amma da ɗan alfahari.

"Sannu da zuwa, Malam Isufu. Ka ga abin da Allah Ya yi. Da munka buɗe dila ta hwarko wari ya buge mu, ta hwara baƙin tabo. Kahin in ce wani abu maƙwabta sun taru. Tun jiya ba wadda ta zamna."

Na ce, "Hajiya, duka kunka wanke?"

"Duka. Mu bar dukiya ta ruɓe muna kallo?"

"Buhunan da anka naɗe dilolin hwa? Da ledar ciki?"

Ta yi murmushi, irin na wadda ta yi aiki ba ta bar saura ba. "Har su, Malam. Ga su can bisa darni."

Me zan ce? Matan nan sun bar girkinsu da 'ya'yansu sun zo gayya don maƙwabciyarsu, kamar yadda za su zo in gobara ta kama ɗakinta. A garin nan wanda ya ga kayan ɗan'uwansa suna lalacewa ya naɗe hannu, shi ne abin zagi. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ruwan da ke cikin atamfar shi ne shaida. Da hannuwansu masu albarka suka ɗauraye shi ya bi kwata.

Na yi abin da zan iya. Na bi igiya igiya ina yankar bakin ƙyalle inda ya fi kauri, ina tsomawa ina ɗigawa. Ruwa garau. Na gwada buhuna, na gwada leda, na tona ƙasar ƙofar sito inda aka fara sauke kayan, amma ruwan wanki ya riga ya bi ta kai. Habu yana biye da ni duk inda na yi, hularsa a hannu. Da na gaji ya ja ni wurin motar ya shimfiɗa tamfol ɗin a ƙasa, ya ce in duba. Na bi shi da tocila ta ƙasa, taku taku, ban ga huda ko ɗaya ba. Sannan na hau bayan motar na kankaro dattin tsakanin katakai na gwada. Ruwan ya yi fari fat. Habu ya dafa ƙirji ya ce alhamdu lillahi. Sai na yi masa tambayar da dole in yi: me ya ɗauka kafin wannan lodin? Ya ce gishiri, buhu-buhu, ya kai Tawa.

Da zai yi mini ƙarya da ya yi, ba wanda zai sani a take. Bai yi ba. Ni kuma na rubuta abin da na gani: tamfol ba huda, kaya an wanke su kafin a duba, gishirin bayan mota ba ya zama hujja, ba a iya tabbatar da irin ruwan ba. Ku riƙe wannan, ku masu cewa sa hannu ne kawai. Eksifer ba ya rubuta abin da zuciyarsa ta ba shi, ko da zuciyar ta yi gaskiya. Kamfani ya karanta ya ce ba shaidar ruwan teku, ba zai biya ba, kuma a ƙa'idar aiki bai yi zalunci ba.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri har ya ba ni tsoro. Atamfar da aka wanke ta rasa ƙyallinta da ƙarfinta, takardun jikinta sun saɓule, a kasuwa ta zama kamar gwanjo. Matan da suka zuba jari suka taso wa Hajiya, ita kuma ba ta da inda za ta juya sai kan Habu. Ya sa hannu ya karɓi kaya lafiya, ruwa ya same shi a hanya, kaya sun iso a jiƙe. Aka je gaban jandarma, aka dawo gaban manyan tasha, aka yi ta zama. Masu cewa ruwa ya bi ta gefen ɗauri suka fi yawa. Ƙarshe aka sayar da motar aka rage wa matan asara. Ranar da sabon mai ita ya zo ɗauka, Habu da kansa ya nuna masa yadda ake lallaɓa giyarta in ta yi sanyi. Bayan haka ba wanda ya yarda ya ba shi ko tuƙin haya, don sunansa ya zama na wanda ya jiƙa kayan marayu da zawarawa. Ya koma Tajaye ya kama fartanya.

An yi damina biyu ko uku, aka aike ni Kwatano kan wata shinkafa. Da rana na zauna cin abinci a wata rumfa kusa da tashar jiragen, tare da wani ɗan ƙasar mai irin aikina, sunansa Kosi, wanda ranar na fara ganinsa. Masu sana'a ɗaya in sun haɗu labarin abin mamaki suke yi, sai na ba shi na unguwar da ta yi ado da atamfa. Ya yi dariya da farko. Da na faɗi lokacin da sunan jirgin, sai ya ajiye cokali. Ya tambaye ni alamar da ke jikin dilolin, na gaya masa. Na ga fuskarsa ta canja.

Ya ce shi ya hau jirgin nan ranar da ya iso. Guguwa ta sami jirgin a teku, kwantenonin da ke sama sun bugi juna, wasu rufinsu ya tsage, kuma na atamfar nan yana cikinsu. Ya shiga da kansa, ya yanki ƙyalle, ya ɗiga magani, ruwa ya yi fari. Ya rubuta, ya aika wa waɗanda suka sa shi aikin, masu inshorar jirgin, can ƙetaren teku. Su ba su da hulɗa da wata Hajiya a Konni, shi kuma bai san inda kayan suka nufa ba. Rana ta busar da bayan dilolin a filin tasha, aka loda wa Habu.

Abincin nan ban ƙara kai loma ba. Duk zaman da aka yi a tasha, duk rantsuwar da Habu ya yi, ashe amsar tana hannun wani mutum mai kwalba irin tawa, tafiyar kwana biyu a mota, kuma ba abin da ya raba mu sai rashin sanin juna. Na gaya masa abin da ya sami direban. Kosi Kirista ne, ya yi alamar addininsa a ƙirji. Muka bincika ko za a iya tayar da maganar, aka ce wa'adin neman diyya ya wuce, ƙofa ta rufe.

Shi ne ya ce zai zo Konni. Na ɗauka maganar bakin rumfa ce, sai ga shi bayan girbi ya sauka a tasha, kuma ba shi kaɗai ba. Ya ba abokan aikinsa labarin, wani daga Lome ya biyo shi, wani daga Legas ya shigo ta Illela ta Najeriya, kowannensu da irin nasa labarin na kayan da aka yanke wa hukunci a wata ƙasa alhali shaidar tana wata. A zauren gidana suka kwana a kan tabarma, sauro ya yi musu maraba yadda ya kamata. Da safe muka ɗauki hanyar Tajaye.

Mun iske Habu a bayan gida yana gyaran rumbu. Ya rame, gemu ya yi fari. Tamfol ɗin nan shi ne a kan rumbun, ya ƙi sayar da shi. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura, na gabatar da baƙi, Kosi ya yi bayani ina fassarawa. Na zaci Habu zai yi kuka ko ya yi faɗa. Ya saurara har ƙarshe yana murza zaren tabarma, sannan ya dube ni.

"Malam Isufu, ni kunka zaka gaya ma ruwan teku ne? Ni na ɗaure tamfol ɗin ga da hannuna. Na sani tun ran nan." Ya nuna hanyar Konni da haɓa. "Ku tai ku hwaɗa ma tasha."

Haka muka yi. Ranar kasuwa, bayan la'asar, manyan tasha suka tara direbobi da 'yan kamasho, aka aika wa Hajiya Zali ta zo da wasu daga cikin matan, Habu ma ya zo daga Tajaye. Kosi ya ƙi in fassara masa. Ya miƙe da 'yar Hausar da ya tsinta a zangon Kwatano, mai karyayyen baki, ya ce shi ya ga kayan a cikin jirgi, ruwan gishiri ne, direba ba shi da laifi. Wani tsohon direba da ya fi kowa cewa ɗaurin Habu ne ya yi sake, ya sunkuyar da kai yana salati. Hajiya Zali ta rufe baki da mayafi, ta zauna a kan benci ba ta shirya ba.

"Wato da ba mu wanke ba," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Na ce, "Da an biya ki, Hajiya, da motar Habu tana hannunai."

Ta juya wurin Habu ta ce, "Malam Habu, ka yahe mani." Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ba ta da abin mayar masa, ita ma cinikinta bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba tun daga shekarar.

Da muka koma zaure, mu huɗun, ba wanda ya yi maganar kafa wani abu. Lambobin waya muka karɓa na juna, muka yi alkawari guda: duk wanda ya ga jiƙaƙƙen kaya a bakin teku za su yi arewa, ya kira na arewa kafin mota ta tashi, duk wanda kaya suka iso masa a lalace, ya kira na bakin teku kafin ya rubuta. Muka ce baɗi mu sake haɗuwa a Lome mu ga ko alkawarin ya yi aiki. Da shekara ta zagayo, kowa ya zo da wani. Daga nan masu biyan diyya na kamfanoni suka fara zuwa, lauyoyi suka biyo, har Turawan da rahoton Kosi ya tafi wurinsu suka fara aiko mutum. Yanzu ga shi ana raba muku 'yar igiya da suna ku rataya a wuya. Shekarar da aka rufe iyaka, motoci suka yi watanni a tsaye kaya suna ruɓewa a cikinsu, wayoyin nan ne suka raba mu da rigingimu da yawa, don kowa ya san a wane hali lodi ya bar hannun ɗan'uwansa.

In kun je, ku ci kazarku, ban hana ba. Amma ku dawo da lambar mutumin da ke hawa jirgi a kowace tasha, ku san fuskarsa, ku san yadda yake aiki. Kuma duk ranar da waya ta yi ƙara aka ce kaya sun jiƙe, kafin gaisuwa ta ƙare ku ce kada a taɓa, kada a shanya, kada a wanke, ko da unguwa duka ta taru da bahuna. Ku faɗa da ladabi, don masu zuwa taimako ne, amma ku faɗa sau biyu.

Habu ya dawo tasha bayan maganar Kosi. Wani Alhaji ya ba shi tuƙi, ya yi shekaru yana jan motar wani har idonsa ya raunana. Yanzu shi ne dattijon da kuke gani a bencin mai shayi, tsallaken buro, wanda kuke wucewa ba ku gaishe shi. Motar tasa da aka sayar tana nan, an sake mata fenti, albasa take ɗauka zuwa kudu. Ni sai ta zo gabana nake gane ta. Shi kuwa tun tana bayan kwanar titi, kafin ta ɓullo, da jin ƙarar injinta za ku ga ya ajiye kofi ya ɗaga kai.